Tabon Kafet da Sauya Shimfiɗar Ƙasa a Ɗakin Wasanni na Gida: Tambayoyi da Amsoshi

A gidaje da dama a Birnin Kebbi, Gusau, Argungu da Ƙaura Namoda akwai ɗakin da aka bar wa yara da samari. Nan ake kallon ƙwallo, nan ake buga gem da lido da karta, wani gidan ma har da teburin sunuka. Kafet ɗin wannan ɗaki shi ke fara lalacewa a gida, domin a kansa ake zama, a ci, a sha. Ga tambayoyin da masu irin wannan ɗaki suka fi yi wa masu wankin kafet da masu sa tayil, daga tabon da ya zube yanzu har zuwa tone ƙasan ɗakin gaba ɗaya.

Abu ya zube a kafet yanzu-yanzu, me zan fara yi?

Kada ka cuɗa. Cuɗawa tana tura abin cikin gindin gashin kafet, ta faɗaɗa tabon, ta kuma murje gashin har wurin ya bambanta da sauran. In abu ne mai kauri kamar miya ko fura, kwashe shi da cokali, kana farawa daga gefe zuwa tsakiya. Sannan ka ninka farin tsumma ko tsohon tawul ka danna da ƙarfi, ka ɗaga, ka juya ɓangare mai tsabta, ka sake dannawa, har tsumman ya daina ɗauko komai. Fari muka ce domin atamfa ko tsumma mai rini yana iya zuba, ka ƙara wa kanka tabo na biyu.

Sai bayan wannan ne ruwa zai taɓa wurin, shi ma kaɗan-kaɗan. Mai tuttula bokiti ya kai dattin ƙarƙashin kafet, kuma daga can zai dawo masa, kamar yadda aka bayyana a amsar tabon da ke dawowa.

Wane haɗi na gida ne ke cire yawancin tabo?

Haɗi biyu sun isa. Na farko, rabin ƙaramin cokali na sabulun wanke-wanke na ruwa a cikin ledar fiya wata ɗaya, wato rabin lita. Kada ka ƙara sabulun don ka ga bai yi kumfa sosai ba. Na biyu, ruwan kal fari kofi ɗaya cikin ruwa kofi biyu. A sa na sabulu da tsumma, a bar shi minti 5, a danna a tsotse, a bi da na ruwan kal, a ƙarasa da ruwa zalla. In ruwan rijiyarku yana barin ja-ja a bokiti, yi ɗaurayar ƙarshe da fiya wata, musamman a kafet mai haske.

Omo da sauran garin sabulun wanki ba na kafet ba ne. Suna da ƙarfi, ba sa ɗaurayuwa daga gashin, kuma abin da ya rage yana kama ƙura. Kowane haɗi za ka sa, fara gwada shi a ɓoyayyen wuri kamar bayan ƙofa ko ƙarƙashin kujera, ka jira minti 10 ka ga ko launi zai zuba.

Ta yaya zan gane irin kafet ɗina?

Ciro ɗan zare daga gefen da ba a gani, ka riƙe da ɗan ƙarfe, ka kyasta masa ashana a waje. In ya yi ƙaurin gashi ya bar toka mai murjewa, ulu ne. In ya narke ya dunƙule ya zama ƙwallo mai tauri, zaren roba ne, kuma mafi yawan abin da ke kasuwanninmu shi ne. Na roba ya fi jure ruwa da sabulu amma yana son maiƙo, kuma zafi kaɗan ke narka shi. Na ulu ba ya son ruwan zafi, ba ya son kanwa, bilic kuwa cinye shi yake yi.

Zoɓo, shayi da goro fa?

Zoɓo ne ya fi kowa ɓata kafet a ɗakin kallon ƙwallo, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne sa masa kanwa ko garin sabulu. Jan launin zoɓo yana juyewa ya koma shuɗi ko kore-kore idan ya haɗu da abu mai kanwa-kanwa, sai tabon ya fi da muni. Fara da ruwan sanyi da dannawa, ka bi da haɗin ruwan kal kafin na sabulu. Shayi, kofi da tofin goro ma haka ake bi da su. Kada ka sa musu sabulun sanda, domin yana ƙara zaunar da irin wannan tabo.

In ya riga ya bushe kuma kafet ɗin mai haske ne, nemi ruwan haidurojin na wanke ciwo a kemis. Duba kwalbar: in an rubuta kashi 3 cikin 100, a yi amfani da shi yadda yake, in kashi 6 ne a sirka shi da ruwa rabi da rabi. A ɗiga a kan tabon kaɗai, a bar shi minti 15 zuwa 30, a tsotse, a ɗauraye. A kafet mai duhu yana iya koɗar da launi, saboda haka gwajin ɓoyayyen wuri wajibi ne. Lalle da rinin gashi kuwa sau da yawa sun shiga ke nan, sai faci.

Manja ko man suya ya zube, ruwa ya ƙi cire shi.

Ruwa ba ya cire maiƙo, baza shi yake yi. Kwashe abin da ya kwasu, ka barbaɗa garin sitaci, garin masara mai laushi ko bekin soda har ya rufe wurin da kaurin rabin santimita. Bar shi awa biyu ko ya kwana, ka share, ka maimaita har garin ya daina canza launi. Sannan ka sa haɗin sabulun wanke-wanke da ruwa mai ɗumi. Sauran jan manja da ya rage yakan koɗe da kansa in dardumar da za a iya ɗauka ce aka shanya ta a rana kwana ɗaya ko biyu.

Fetur da kananzir da wasu ke sawa suna narka gam ɗin da ke riƙe da gashin a bayan kafet, wurin ya kumbura ko ya fara zubar da gashi. Ga wari, ga haɗarin gobara a ɗakin da ke cike da soket.

Fura da nono ko kunun aya ya zube, tabon ya fita amma ɗakin na wari.

Abin ya kai ƙasa, yana ruɓewa a can. Da zafin watan Afrilu, kwana ɗaya ya isa. Wanke wurin da ruwan sanyi da haɗin sabulu, domin ruwan zafi yana dafa nono ya manne. In gefen kafet yana kusa, ɗaga shi ka goge simintin da bayan kafet ɗin, ka sa bulo ko kujera ta tokare shi, ka kunna fanka. Bayan ya bushe sarai, barbaɗa bekin soda ya kwana, ka share. Turaren wuta rufe warin kawai yake yi na awa biyu.

Yaro ya yi fitsari a kafet, kuma wani lokaci ana salla a ɗakin.

Nan abu biyu ne, tsabta da tsarki. Tsotse fitsarin da tsumma iyakar iyawa, ka sa haɗin ruwan kal don kashe zarni, ka tsotse. Amma ruwan da aka haɗa da sabulu ko kal ba shi ke tsarkake najasa ba. Dole a ƙarasa da ruwa zalla, ana zubawa ana tsotsewa, har ruwan da ke fitowa ya zama fes. Malaman Malikiyya sun yi rangwame a kan launi ko warin da ya gagara fita bayan an yi iyakar ƙoƙari. Darduma ƙarama a fitar da ita tsakar gida a kwarara mata ruwa, ya fi sauƙi kuma ya fi kwanciyar hankali. Wannan na cikin dalilan da suka sa muke ba gida mai ƙananan yara shawarar tayil da dardumar tsakiya.

Jini kuma ruwan sanyi kaɗai yake so, sannan haidurojin in ya bushe.

Cingam, kyandir, tawadar biro da tsatsa?

Cingam: ɗora ƙanƙara a leda har ya daskare, ka farfasa shi da bayan cokali. Kyandir: kankare, ka shimfiɗa farar takarda marar rubutu, ka ɗora dutsen guga mai ɗumi kaɗan na daƙiƙa biyar-biyar, in ya yi zafi zai narka kafet ɗin roba. Biro: ɗiga sifirit a auduga ka riƙa dannawa, kada ka zuba kai tsaye. Tsatsar ƙafar tebur: ruwan lemon tsami da gishiri, minti 30, a ɗauraye, sannan a sa wa ƙafar takalmin roba.

Zan iya sa Hypo?

A'a. Bilic yana cire launin kafet ɗin tare da tabon, kuma farin wurin da ya bari ba ya gyaruwa. Ya fi haɗari in ya haɗu da ruwan kal ko da fitsari, domin yana tayar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, balle a ɗakin da aka rufe tagogi saboda hasken talabijin. Wurin da bilic ke da amfani shi ne tsiraren siminti bayan an cire kafet, kamar yadda za a gani a amsar cire tsohon kafet.

Na wanke tabon ya fita, bayan kwana biyu ya dawo. Me ya faru?

Ɗaya daga cikin abu biyu. In ya dawo da launinsa na asali da zarar wurin ya bushe, to dattin yana ƙasa, ruwan da ke busowa sama ne ya hauro da shi, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Maganinsa: jiƙa wurin kaɗan, ka ninka farin tawul gida huɗu ka ɗora, ka danne da abu mai nauyi kamar jarka cike da ruwa, ya kwana. Tawul ɗin ne zai sha dattin. Wani lokaci sai an yi sau biyu ko uku.

In kuwa wurin ya yi baƙi a hankali cikin mako ɗaya ko biyu, sabulu ne ya rage a ciki yana kama ƙura, abin da ya fi fitowa fili da hunturu. Ɗauraye da haɗin ruwan kal, sannan ruwa zalla. Ko wane ne, kafet ya bushe cikin kwana ɗaya. In ya haura kwana biyu da lema, funfuna ta fara.

Garwashin kasko ko maganin sauro ya ƙona wuri. Ana iya faci?

Ana yi, kuma in an yi shi da kyau sai an nuna wa mutum. In saman gashin kawai ya babbake, datse shi da ƙaramin almakashi. In ya huda, nemi guntun da ya rage lokacin shimfiɗawa, ko ka yanko daga ƙarƙashin kabad inda ba a gani. Shafa kafet ɗin da hannu ka gane inda gashinsa ya kwanta, ka zana kibiya a bayan guntun, domin in aka juya shi facin zai fito da wani launi dabam ko da daga yadi ɗaya suke.

Kifa gwangwani ko ka yanka kwali murabba'i ya zama ma'auni, ka yanke ƙonannen wurin da sabuwar reza, kana buɗa gashin don ka yanki bayan kaɗai. Yanka facin da ma'auni ɗaya. Zura ƙyalle mai kauri ko salatif mai manne gaba da baya a ƙarƙashin ramin, ka shafa gam siriri a bakin, ka zaunar da facin, ka taje gashin da burushi, ka danne da nauyi ya kwana.

Babu abin da ya zube, amma da damina kafet na wari yana yin baƙi a gefen bango.

Wannan ba tabo ba ne, danshi ne ke tasowa daga ƙasa, kuma ita ce tambayar da ta fi duk sauran muhimmanci, domin amsarta ce ke yanke hukuncin abin da za a shimfiɗa. Gidajen da ke kusa da fadamar gulbin Rima a Birnin Kebbi da Argungu, da na bakin ruwa a Yawuri, da duk gidan da aka zuba kankarensa ba tare da an shimfiɗa leda a ƙasa ba, sun san wannan daga Yuli zuwa Satumba. Alamunsa: siminti ya yi duhu, farin gari kamar gishiri a gindin bango, fenti na ɓarewa.

Ga gwaji mai arha. Ɗaga kafet, ka yanka leda mai kauri santimita 50 da 50, ka manne gefunanta huɗu da salatif a kan simintin, wuri biyu ko uku, ɗaya kusa da bangon waje. Bayan kwana biyu ka ɗaga. In akwai raɓa a cikin ledar ko simintin ya yi duhu, ƙasan na jan ruwa. Gwajin da aka yi a watan Maris ba ya nuna gaskiya, a yi shi da damina ko dab da ƙarshenta. Kafin a zargi ƙasa kuma a leƙa bayan ɗakin: indararo da ke zuba a gindin bango, kwata da ta toshe, bututun banɗaki ko ruwan na'urar sanyaya ɗaki. Sau da yawa gyaran a waje yake.

Yaushe zan haƙura da wanki in cire kafet ɗin?

In funfuna ta kama bayansa, in bayan yana marmashewa kamar gari, in gara ta ci shi, in ruwan kwata ko ambaliya ya shiga, ko in yara na tari da atishawa duk sanda suka zauna a ɗakin. Haka in ramukan ƙuna sun fi uku ko huɗu a tsakiyar ɗaki. Kuɗin wanki a wannan hali asara ne.

Wace shimfiɗa ce ta fi dacewa da ɗakin wasa a nan?

Ra'ayinmu a fili yake: tayil, da dardumar tsakiya wadda za a iya naɗewa a fitar. Ƙasar da ke da ƙurar hunturu wata huɗu, zafin da ke haura digiri 40 da bazara, ga gara, ba ta yi wa kafet na bango zuwa bango adalci. Tayil yana da sanyi, ana goge shi da tsumma, danshi kaɗan ba ya kashe shi. A zaɓi marar sheƙi, mai ɗan kaushi, domin mai sheƙi yana da santsi in ruwa ya zube, ga yara na guje-guje. Launin ƙasa-ƙasa ko toka-toka ya fi ɓoye ƙura, baƙi da fari tas duk suna tona ta.

Ledar ƙasa ita ce mafi arha da saurin shimfiɗawa, amma siririyar tana yagewa a ƙarƙashin ƙafar kujera, kuma a ƙasa mai danshi tana kulle ruwan a ƙarƙashinta ya yi wari. Shimfiɗar katako mai haɗe-haɗe, wadda cikinta matsattsen garin katako ne, tana kumbura daga baki in ruwa ya shiga, gara ma na sonta. Akwai mai kama da ita da aka yi da roba da garin dutse, wadda ruwa ba ya kumbura ta, sai dai tana buƙatar ƙasa shafaffiya sosai da tazarar kusan milimita 8 a jikin bango. Tarazo yana daɗewa ƙwarai in an sami gwani. Ga ƙananan yara kuma akwai tabarmar soso mai haƙora da ake harhaɗawa, a ɗora a kan tayil a kusurwa ɗaya.

Yaya ake cire tsohon kafet da aka manne da gam?

Fitar da kayan lantarki duka, ka buɗe tagogi, ka sa takunkumi, domin ƙurar shekaru ce a ƙasa. Yanka kafet ɗin tsiri-tsiri, faɗin kamar santimita 60, ka riƙa naɗewa kana fitarwa. Gam ɗin da ya rage a kankare shi da faffaɗan ƙarfe mai kaifi. Ruwan zafi da sabulu na minti 20 yana tausasa wani irin. Wanda ya ƙi, a goge shi da injin gurza. Dole ya fita, domin siminti da gam ɗin tayil ba sa kama tsohon gam. In akwai funfuna, wanke simintin da bilic kofi ɗaya cikin ruwa kofi goma, ka bar ɗakin a buɗe ya bushe, sannan ka yi gwajin leda da aka bayyana a amsar danshi. In ka ga hanyar gara, a yi feshi yanzu, kafin a rufe.

Tayil nawa zan saya?

Auna tsawo da faɗi da mita, ka ninka. Ɗaki mai ƙafa 12 da 14 ya kama mita 3.66 da 4.27, wato murabba'in mita 15.6. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama 17.2. Tayil mai santimita 60 da 60 yawanci guda huɗu ne a kwali, murabba'in mita 1.44, saboda haka kwali 12. Sikatin na gindin bango zai ci kusan mita 15, wanda tayil biyar ko shida za su bayar in an yanka su santimita 10. Sayi kwali 14, ka ɓoye abin da ya rage don ranar da ɗaya ya fashe. In za a jera shi a karkace, ƙarin ya zama kashi 15.

Duba lambar launi da ke jikin kowane kwali ta zama iri ɗaya. Tayil mai suna ɗaya da aka gasa a lokaci dabam yakan bambanta a launi, har ma da girma da milimita ɗaya ko biyu. A buɗe kwalayen a shago a gani.

Ƙasan ɗakin ba daidai yake ba, akwai ramuka da tsaga.

Kwantar da miƙaƙƙen ƙarfe mai mita 2 a wurare daban-daban. In tazarar da ke ƙarƙashinsa ba ta wuce milimita 3 ba, ana iya ɗora tayil da gam kai tsaye. In ta wuce, ko daɓen yana amsawa kamar ganga in an ƙwanƙwasa, a farfashe shi a yi sabo. Haɗin shi ne siminti ɗaya, yashi mai kaifi huɗu: buhu ɗaya mai kilo 50 da baro biyu, ko kwanon sarki takwas. Ɗakin da muka auna a sama, da kaurin santimita 4, zai ci kusan buhu 5 da baro 10. Yashin ya zama wankakke. Damƙi shi da lema, in ya ɓata tafin hannu da laka, daɓen zai yi rauni.

In gwajin leda ya nuna danshi, nan ne damar gyara: a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, bakin kowace ta hau ɗaya da santimita 15, ta ɗan hau bango, sannan a zuba daɓen da bai gaza santimita 5 ba. A riƙa yayyafa masa ruwa kwana 7. Ledar ƙasa ko shimfiɗar katako kada ta hau sabon daɓe sai ya yi aƙalla mako huɗu kuma ya ci gwajin leda. Tun kafin a fara, a auna ƙarƙashin ƙofa: daɓe da tayil suna iya ɗaga ƙasa da santimita 5 zuwa 6, ƙofar ƙarfe kuwa sai mai walda.

Da siminti za a sa tayil ko da gam?

Ya danganta da tayil ɗin. Ɗiga ruwa a bayansa. In ya shanye, mai shan ruwa ne, siminti zai kama shi, amma a jiƙa shi a baho kamar minti 30 tukuna don kada ya tsotse ruwan kwaɓin. In ruwan ya tsaya bai shiga ba, irin mai taurin nan ne da kusan ba ya shan ruwa, kuma siminti zalla ba ya riƙe shi da kyau, gam ɗin tayil yake so. Buhu mai kilo 20 yana rufe murabba'in mita 4 zuwa 5 da cokalin magini mai haƙora milimita 10, wato kusan buhu 4 ga ɗakinmu.

A ja layi daga tsakiyar ɗaki, a jera layi ɗaya a bushe a ga inda yankakku za su faɗa, kada siririn yanki ya zo bakin ƙofa. A kwaɓa gam kaɗan-kaɗan, domin da zafin nan samansa na bushewa cikin minti 10 zuwa 15. In ka taɓa bai kama yatsa ba, a kankare a sa sabo. A shafa a ƙasa, a shafa siriri a bayan tayil, a danna, a buga da gudumar roba. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin tayil da ƴan robobin nan masu kama da alamar tarawa, da milimita 5 zuwa 8 a jikin bango, wadda sikatin zai rufe. Kada a taka sai bayan awa 24, sannan a cike tsagogin. Kilo 3 zuwa 4 na garin cikewa ya isa, kuma mai ɗan duhu ya fi, domin fari zoɓo zai rina shi. Mai yanka da inji ya yi a waje, da takunkumi, yana jiƙa wurin yankan, ƙurar tana illa ga huhu.

Me ke sa tayil ya tashi ya fashe da kansa, ko ya riƙa ƙara in an taka?

Tashi da kansa, wani lokaci da ƙara kamar an fasa kwalba, daga rashin tazara ne. Tayil da siminti suna buɗewa da zafi su tsuke da sanyi, kuma tsakanin sanyin asubar Janairu da zafin Afrilu tafiya ce mai nisa. In an matse su babu tsaga, an kuma tokare su da bango, ba su da wurin zuwa sai sama. Mutane da yawa ke roƙon mai aiki ya haɗe su don ya fi kyau. Kada ka roƙa, in ma ya ce zai yi ka hana shi.

Ƙarar fanko kuwa daga ɗiga kwaɓi gida biyar ne a bayan tayil maimakon shafe shi duka. Kafin ka biya cikon kuɗin aiki, bi ɗakin kana ƙwanƙwasa kowane tayil da makulli, tsakiya da kusurwoyi. Wanda ya yi ƙarar fanko a ɗaga shi a sake, domin shi ne zai fashe ranar da ƙafar tebur ta hau kansa.

Akwai abin da teburin sunuka da kayan gem ke buƙata na musamman?

Teburin sunuka mai faifan dutse yakan haura kilo 200, duk nauyin a kan ƙafafu huɗu ko shida. A jira kwana 7 bayan an sa tayil kafin a shigo da shi, a ɗauke shi ɗauka, kada a ja, a sa roba mai kauri ƙarƙashin kowace ƙafa. Ƙwallon da ya faɗo yana ɓantare tayil, saboda haka a shimfiɗa darduma mai gajeren gashi da ta zarce teburin ta kowane gefe. Sandar wasa tsawonta kusan santimita 145 ne, a bar wannan tazara tsakanin tebur da bango.

Wayoyin lantarki da na intanet a binne musu bututu kafin a zuba daɓe, ko a bi da su ta jikin bango. Waya a ƙarƙashin darduma ana taka ta har rigarta ta cinye, daga nan gobara ke tashi. PlayStation ko kwamfuta kada su zauna a kan kafet: gashin na toshe mashigar iska, fankar ciki na zuƙar ƙura, kuma da hunturu kafet ɗin roba yana tara wutar nan da ke fizgar yatsa in an taɓa ƙarfe. Kujera mai taya a sa mata faranti na roba. In ɗakin ya fara amsa kuwwa bayan an cire kafet, darduma da labule mai kauri da kujerun kushin suna shanye ƙarar.

Haya nake yi, ba zan iya fasa ƙasa ba.

Nemi izinin mai gida kafin ka cire abin da ka tarar, kuma ku yi magana a gaban shaida ko a rubuce kan wanda zai biya. In ƙasan busasshe ne, shimfiɗa ledar ƙasa mai kauri ba tare da gam ba, a riƙe bakinta da salatif mai manne gaba da baya, ka ɗora darduma. Akwai kuma kafet yanka-yanka mai santimita 50 da 50, wanda in ɗaya ya ɓaci shi kaɗai za a ɗaga a wanke ko a sauya. In ƙasan na jan danshi, tabarmar roba da ake ɗagawa a shanya ta fi komai.

Wane lokaci na shekara ya fi dacewa da wannan aiki?

Gwajin danshi da damina, aikin kansa daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu. Wankin kafet da hunturu yana bushewa cikin sa'o'i kaɗan, sai dai a shanya shi a inda ƙura ba ta kaɗawa. Daɓe kuwa iskar hunturu tana busar da samansa kafin ya yi ƙarfi, ya tsattsage, saboda haka a rufe tagogi, a lulluɓe shi da leda ko jiƙaƙƙen buhu, a yayyafa ruwa safe da yamma. In dole sai da bazara, a fara da sassafe, a ajiye tayil da buhunan gam a inuwa, kuma kada a kwaɓa da ruwan tankin da ya yini a rana.